Shirun uba a fim ɗin Pariah

A farkon Pariah, fim ɗin da Dee Rees ta nuna a bikin Sundance na 2011, Alike, 'yar shekara 17 a unguwar Brooklyn ta New York, tana canza kaya a cikin bas da dare. Ta tuɓe hula da rigar maza, ta mayar da 'yan kunne, don kada mahaifiyarta ta ga yadda ta fita. Alike 'yar maɗigo ce. Kowa a gidan ya sansano, amma babu mai furtawa.

Masu sharhi sun fi ɗora wa uwar, Audrey, laifi, ita da ta kai ga dukan 'yarta. Ni uban ne ya tsaya mini a rai. Arthur ɗan sanda ne mai bincike, sana'arsa gano abin da aka ɓoye, amma a gidansa ya zaɓi kawar da kai. Yana son 'yarsa, yana wasa da ita, sai dai ya bar matarsa ita kaɗai da tsoronta da addu'arta har abin ya fashe.

Ko mene ne matsayin mai karatu kan maɗigo, zai gane irin wannan gida. Rees ba ta mayar da Audrey dodo ba, ba ta kuma wanke Arthur ba. Ina ganin 'yancin ƙaramin fim ne ya ba ta damar hakan. Adepero Oduye, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ita ta fito a Alike, kuma da idanu take yin rabin maganar. Daga ƙarshe Alike ta hau bas zuwa karatu a Kalifoniya, ba tare da sun shirya da uwarta ba.