Dokar Gwaji Kafin Aure Ta Zo, Amma Ina Ɗan Kibiya Zai Je Ya Yi?

'Yan uwa, yau maganar lafiya zan yi, a yi min uzuri.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Kano, ciki har da na cutar ƙanjamau. Ina goyon bayanta. To amma mutumin Tarai ko Fammar, ko na Rurum da Zurgu, ina zai yi gwajin? Idan sai ya biya kuɗin mashin zuwa Rano, ya wuni a layi, wallahi wasu takardar bogi za su nema. Yarinyar da za a aurar ita za ta kwana ciki.

Gwajin nan fa ba wani abu ba ne. Ɗigon jini daga yatsa, minti 20, an gama. Ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibitin mazaɓa zai iya, in an horar da shi an ba shi kayan. Musamman ranar awo: mai ciki da ke ɗauke da cutar, in ba ta shan magani, haɗarin jaririnta ya ɗauka yana kai kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari. In tana sha, yana sauka ƙasa da kashi 5.

Abin da ya fi damuna shi ne sirri. A garuruwanmu kowa ya san kowa. Mutum ya gwammace ya tafi har Kano karɓar magani da maƙwabcinsa ya hango shi a ƙofar wani ɗaki na daban. Ranar da babu kuɗin mota, shan magani ya tsaya. A daina ware musu ɗaki, su bi layi ɗaya da mai hawan jini, kuma wanda jikinsa ya daidaita a ba shi maganin wata shida lokaci guda.

Mun ga yadda hankali ya tashi a Janairun 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta, alhali shirinta na PEPFAR ne ya daɗe yana ɗauke da kaso mai yawa na maganin. Don haka shugabannin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da kansilolinmu su zauna da hukumar KSACA, a sa kayan gwaji a kasafin kuɗi. Mu matasa, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, mu tambaye shi asibitin mazaɓa nawa zai kai wa kayan, kuma a wane wata.