Ni Dai Ba Zan Rubuta Muku Littafin Dujal Ba



A 'yan watannin nan babu saƙon da ya fi zo mini kamar wannan: "Malam, soyayyar nan ta isa haka, ka rubuta mana labarin Dujal da tashin ƙiyama." Wasu da ladabi suke faɗa, wasu kuwa har da gori, wai mu marubutan Kano ba mu san komai ba sai kishiya da auren dole, alhali ga Kiristoci can sun mayar da annabcin littafinsu labari, duniya tana ta rububi. Na gaji da amsa wa mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na ga gara in amsa wa kowa a wuri guda. Ba zan rubuta ba. Kuma 'yan uwana da suka fara rubutawa suna rarrabawa a waya babi-babi, ina da magana da su.

Bari mu fara da littafin da ake yi mana gorin da shi, don na lura akasarin masu ambatonsa fim ɗin kawai suka gani, wanda Nicolas Cage ya fito a ciki a 2014. Sunansa Left Behind, wato waɗanda aka bari a baya. Mutum biyu ne suka rubuta shi a Amurka, wani fasto mai suna Tim LaHaye da wani marubuci Jerry B. Jenkins. Na farko ya fito a 1995, suka yi ta jero su har guda 16, na ƙarshe a 2007, kuma an sayar da sama da kwafi miliyan 60. Wani maƙwabcina Kirista a nan Tarauni ne ya ara mini guda uku daga ciki, na karanta da ƙamus a gefe. Labarin ya buɗe ne a cikin jirgin sama. Ana cikin tafiya sai aka nemi wasu fasinjoji aka rasa, sai tufafinsu a kan kujera. Abin da wasu Kiristoci ke kira fyaucewa kenan, wato an ɗauke masu bi na gaskiya zuwa sama, an bar saura su sha shekara bakwai na azaba. Daga nan wani ɗan siyasar ƙasar Romaniya mai zaƙin baki, Nicolae Carpathia, ya zama shugaban Majalisar Ɗinkin Duniya, ya gina hedikwatarsa a Babila ta ƙasar Iraƙi. Shi ne Magabcin Almasihu, kusan abin da mu muke kira Dujal.

Ba zan ɓoye ba, sun iya jan zare. Duk wanda ya san wahalar sa mai karatu ya nemi littafi na biyu zai sara musu. Amma ba iya rubutun nake so mu duba ba, yadda makaranta suka karɓe shi nake so mu duba, domin a nan gizo ke saƙar.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001, mujallar Time ta ruwaito cewa cinikin littattafan ya ƙaru da kashi 60 cikin 100. Na tara a jerin, wanda ya fito a Oktoban shekarar, shi ne ƙagaggen labarin da aka fi saye a Amurka a 2001. Ku tsaya ku yi tunani. Gine-gine sun rushe, mutane kusan 3,000 sun mutu, sai jama'a suka ruga kantin littattafai suna neman bayanin abin da ya same su a cikin tatsuniya. Ba nishaɗi suka je nema ba, fassarar labaran duniya suka je nema. Mutumin da ya shafe shekaru yana karanta cewa Majalisar Ɗinkin Duniya kujerar Dujal ce, Iraƙi kuma fadarsa, da wane ido kuke jin zai kalli yaƙin Iraƙi na 2003? Shi marubuci zai iya cewa ai labari ne kawai na ƙaga. Amma ya riga ya jingina kowane babi da Ru'ya ta Yohanna da littafin Daniyel, har mai karatu ya kasa gane inda aya ta ƙare da inda tunanin Jenkins ya fara.

Kuma kada ku zaci duk Kiristoci ne suka tafa musu. A 2003 bishop-bishop na Katolika a jihar Illinois sun fitar da sanarwa suna gargaɗin mabiyansu a kan littattafan, don a cikin labarin an mayar da wani Fafaroma shugaban addinin ƙarya na Dujal. Malaman Kirista da dama sun nuna cewa ita kanta aƙidar fyaucewa kafin shekarun azaba ba tsohuwa ba ce, a ƙarni na 19 wani mai wa'azi John Nelson Darby ya yaɗa ta. Shi maƙwabcin nawa da ya ara mini, da na mayar masa cewa ya yi limaminsu ya hana a koyar da yara da su. Da na 12 ya fito a 2004, inda aka zana dawowar Almasihu ana hallaka duk wanda bai bi ba, jini na malala, har a jaridar New York Times sai da wani marubuci, Nicholas Kristof, ya yi tambayar da ta dace: da Musulmi ne suka rubuta irin wannan a kan waɗanda ba Musulmi ba, me Amurka za ta ce?

To wannan tambayar ce ta fi tsaya mini a rai, sai dai ni juya ta nake yi. Labarin ƙarshen duniya ba ya tafiya sai da rundunar Dujal, kuma marubuci ba zai samo wannan rundunar daga sama ba, a cikin mutanen da ya sani zai ɗebo ta. A littafinsu, ni da ke da kai mu ne waɗanda aka bari a baya. Idan na rubuta nawa da Hausa, su waye za su zama sojojin Dujal? Mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari? Ma'aikaciyar jinya da ke haya a layinmu? Ko kuwa ɗan ɗariƙar da ba tawa ba, tunda mu ko a tsakaninmu ba mu gama kafirta juna ba? Garin nan ya ga Oktoban 1991, ya ga Mayun 2004. Wanda ya taɓa ganin hayaƙi ya tashi daga unguwar maƙwabta ba ya wasa da ashana don a ce littafinsa ya yi kasuwa.

Wani zai ce ai wannan matsalar Amurka ce, mu makarantanmu suna da hankali. Allah ya sa. Amma ku tuna da watan azumin 2020. Kano tana kulle saboda annobar korona, ana ta mace-macen dattijai, maƙabartar Gyadi-Gyadi da ke Court Road tana cikin waɗanda jaridu suka yi ta ambata saboda yawan gawarwakin da ake kai wa. Duk wanda ke zaune a yankin nan ya san irin tsoron da ya shiga gidaje. Ana cikin haka sai ga saƙo yana yawo a WhatsApp: 15 ga Ramadan ta faɗo ranar Juma'a, za a ji wata ƙara mai tsanani daga sama, kowa ya shiga ɗaki ya toshe kunne. Na san gidajen da mata suka kwana suna kuka, na san wadda ta kira 'yan uwanta tana neman gafara. Ranar 8 ga Mayu ta zo ta wuce, ba a ji komai ba sai kiran salla. Ruwayar da aka dogara da ita tana cikin Kitabul Fitan na Nu'aimu bin Hammad, kuma tun ɗaruruwan shekaru malaman hadisi irin su Ibnul Jauzi suka sa ta cikin na ƙarya. Malamai sun yi bayani, amma saƙon ya riga su isa kowane ɗaki. Waɗannan matan fa su ne makarantana. Su ne masu karɓar hayar littafi a shagunan Tarauni tun ana biyan 'yan nairori. Su za ku ce in ba wa labari mai ɗauke da aya a shafi na ɗaya, ƙirƙirata a shafi na biyu, in ce su rarrabe da kansu?

Kafin waya ma muna da takardar wasiyyar Shehu Ahmadu, wanda aka ce mai gadin kabarin Manzon Allah (SAW) ne, wai ya yi mafarki an ce masa ƙiyama ta kusa, wanda ya kwafa ya raba zai yi arziki, wanda ya ƙi zai ga masifa. Tun muna yara ake raba ta a motocin haya na titin Zariya da bakin kasuwa. Sheikh Bin Baz ya rubuta ƙarara cewa ƙarya ce tsagwaronta, amma ba ta mutu ba, daga injin kwafi ta koma Facebook. Ni a wurina wannan takarda ita ce ƙagaggen labarin da ya fi kowanne yaɗuwa a ƙasar Hausa, kuma marubucinta bai taɓa yarda cewa ƙagawa ya yi ba.

A nan ne abin yake ba ni haushi. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ta hannun A Daidaita Sahu, ta tara littattafanmu na Hausa ta cinna musu wuta a gaban 'yan makaranta, wai suna ɓata tarbiyya. A 2008 Hukumar Tace Finafinai a ƙarƙashin Abubakar Rabo ta ce sai kowane marubuci ya yi rajista. Mu da muke rubutawa ɓaro-ɓaro a shafin farko cewa labarin nan ƙagagge ne, ba a yi shi don wani ko wata ba, mu aka ƙona. Yarinyar da ta karanta littafin soyayya ta san Alhajin da ke ciki babu shi. Amma takardar da ta yi wa Annabi (SAW) ƙarya tana yawo a jakar kowace tsohuwa, ban taɓa jin an tara ta an ƙona ba. Ba wai ina kiran a ƙona wani abu ba ne, ni wuta ba ta taɓa burge ni ba. Ina nuna muku ne cewa mun daɗe muna gadin ƙofar da ɓarawo ba ta nan yake shigowa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurin masu neman in rubuta ita ce wai irin wannan littafi yana sa mutane su tuba. Ban raina ta ba. Na yarda akwai wanda zai karanta ya tashi ya yi sallar da ya daɗe bai yi ba. Su ma masu Left Behind abin da suka riƙa faɗa kenan, cewa wasiƙu na zuwa musu daga waɗanda suka koma coci. Amma tuban da aka ɗaura a jikin kwanan wata, ranar da kwanan watan ya wuce tare suke wucewa, wani lokaci ma har da ɗan imanin da mutum yake da shi tun farko. Harold Camping ya ce wa mabiyansa a Amurka 21 ga Mayu 2011 ce ranar, wasu suka bar aiki suka kashe abin da suka tara wajen buga allunan talla. A nan gida, a watan Yulin 2022, 'yan sanda sun fito da mutum 77, har da ƙananan yara, daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wata coci a garin Ondo, suna zaune suna jiran a fyauce su. Ban ce wani littafin labari ne ya kai su can ba. Cewa nake yi itacen ɗaya ne, kuma marubucin da ya zuba masa ruwa yana da kaso a 'ya'yan. Abin mamaki shi ne addinan biyu duk sun rufe wannan ƙofa. Linjila ta Matta, sura ta 24, ta nuna babu wanda ya san ranar. Mu kuma yaron Islamiyya ma ya san amsar da Manzo (SAW) ya ba Mala'ika Jibrilu da ya tambaye shi lokacin tashin Sa'a.

Mu kuwa a ƙasar nan maganar "zamani ya ƙare" ba ta tsaya a takarda ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa sai da ya fito ya bayyana wa jama'a cewa shi ba Mahadi ba ne, don ya ga inda zukata suka karkata. A 1906 aka yi Satiru kusa da Sakkwato da sunan Mahadi ya bayyana, Turawa suka shafe garin, aka kashe kimanin mutum 2,000. Ranar farko ta shekarar 1400 ta Hijira, a Nuwamban 1979, wasu suka mamaye Harami a Makka suna cewa ga Mahadi. Shekara guda bayan nan, Disamban 1980, 'Yan Awaki ta kama da wuta a rikicin Maitatsine, alƙaluman hukuma suka ce mutum 4,177. Iyayenmu suna nan da rai, ku tambaye su.

Saboda haka 'yan uwana masu rubuta wa mutane cewa Dujal yana tsibirin Bamuda, ko allurar rigakafi tambarinsa ce, ko wane shugaban ƙasa ne Sufyani, sannan ku sa wa jarumarku suna Zainab ku ce labari ne, ku ji tsoron Allah. In wa'azi za ku yi, ku je ku yi karatu ku kawo hadisi da darajarsa, ku tsaya inda ya tsaya. In labari za ku ƙaga, ga duniya nan cike da abin tsoro na gaske: ku rubuta mana gidan da ya kwana cikin fargabar 15 ga Ramadan, da matar da ta yafe bashin da take bi don ta zaci gobe babu, da yadda ta kalli mijinta da gari ya waye. Wannan labarin mutane ne, kuma aikinmu ne, shi kam zan iya rubutawa. Wanda yake son sanin alamomin ƙiyama, Sahihu Muslim yana da babi guda a kan fitinu, kuma daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni babu unguwar da za ka rasa malamin da zai karantar da kai shi bayan Magariba, kyauta.

Wanda ya ga ba haka ba, ga fili ga mai doki, ya rubuto martani. Sai dai ina roƙon ya fara gaya mini su waye zai sa a rundunar Dujal ɗin tasa.

Wassalam.