Lambobi huɗu a jikin taya

A hutun da ya wuce, ina kan hanyar komawa gida Kano daga Zariya, tayar bayan motar hayar da muka shiga ta yi bindiga daf da Kwanar Dangora. Allah Ya taimake mu direban bai danna burki ba, ya riƙe sitiyari gam har motar ta lafa a gefen titi. Da muka sauka, wani dattijo cikin fasinjoji ya duƙa gaban tayar, ya yafito ni: "Zo ka gani, ɗana."

A gefen taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ƙarshensa lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Tamu 1814 ce, wato mako na 18 na 2014. Ta haura shekara goma! Ga shi kuwa zanenta bai cinye ba, shi ya ruɗi direban ya saye ta a gwanjo. Roba tana tsufa ko ba a hawa kanta, ta bushe, ta yi ƙananan tsagu. Kamfanin Michelin ma cewa ya yi taya in ta kai shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta cika goma a sauya ta ko da tana sheƙi.

Kada ku tsaya a shekaru kawai. Ku leƙa cikin ramin zanen, akwai 'yan tudu da aka sa don gwaji. In saman tayar ya zo daidai da su, saura milimita 1.6, ta gama aiki. Taya mai ƙullutu a gefe kuwa, zarenta na ciki ya tsinke, mai faci ba shi da maganinta.

Ƙarancin iska ma yana sa taya ta ɗau zafi, balle a kwaltar watan Afrilu. Da safe ake gwadawa, kafin mota ta yi tafiya.

Na san ɗalibi ba zai tsaya a tasha yana yi wa direba jarrabawa ba, sai a ce ya cika iyayi. Amma kallo kyauta ne, kuma ba laifi ba ne ka jira mota ta gaba. Ku fara da motar gida ko babur ɗin yaya. Kada ku manta da safaya, domin tamu da aka ciro ran nan babu iska a cikinta, sai da muka yi awa biyu a rana.