Sharhin wasanni: Ɗan gaba da ba ya komawa tsaron baya, a sa shi ko a ajiye shi a benci?

Jama'a masu sauraronmu na Tasawa da Mayahi, da ƴan uwa da ke bin mu daga Kano, Legas, Abijan, Libiya da Aljeriya, sharhin wasanninmu na yau ya taɓo gardamar da ta ƙi ƙarewa a fadodin shayi da gidajen kallon ƙwallo tun ƙarshen watan Agusta na 2025, lokacin da Manchester United ta sayar da Alejandro Garnacho ga Chelsea a kan fam miliyan 40, wato wajen miliyar 30 na kuɗin sefa. Wasu na cewa an yi wa yaron rashin adalci, an hana shi wasa har ya gaji ya tafi. Wasu kuma na cewa shi ya jawo wa kansa, don in ƙwallo ta kuɓuce masa ba ya bin ta. Maganar ta shafe mu, domin irin wannan gardamar ce ke raba kan ƙungiyoyin unguwanni da ƙauyukanmu duk lokacin gasar babban hutu.

An haifi Garnacho a Madrid a 2004, yana buga wa Ajantina. Ƙwallon da ya ci Everton da tsallen baya a watan Nuwamba na 2023 ita ta samu kyautar Puskas ta FIFA. A watan Mayu na 2024 kuma shi ya fara zura ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin FA, inda United ta doke Manchester City da ci 2 da 1. Babu mai musun cewa yaron na da baiwa. Amma da koci Ruben Amorim ya karɓi ƙungiyar a watan Nuwamba na 2024, ya zo da tsarin ƴan baya uku, inda mai wasa a gefen fili dole ya hau ya kuma sauko. Ran 15 ga Disamba na 2024, a wasan hamayya da City, ko a benci ba a ga Garnacho da Marcus Rashford ba. Kocin ya ce yana duba komi: yadda ɗan wasa ke atisaye, da yadda yake zama da abokan wasansa. Rikicin ya fito fili ran 21 ga Mayu na 2025 a Bilbao, a wasan ƙarshe na kofin Europa da Tottenham ta ci 1 da nema. Sai wajen minti na 70 aka sako Garnacho, bayan wasa kuwa ya yi ƙorafi a bainar jama'a cewa ya buga zagayen baya duka, amma ranar kofi minti 20 kawai aka ba shi.

Masu goyon bayansa na da hujja. Suna cewa ai ɗan gaba don cin ƙwallo ake sa shi, kuma in ya ƙare ƙarfinsa wajen bin ɗan bayan abokan hamayya, da wace ƙafa zai yi gudu in dama ta zo? Suna ƙarawa da cewa United ta ƙare kakar a matsayi na 15 a gasar Firimiya, don haka ba za a ce dabarar kocin ta haifi ɗa mai ido ba. Wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba: Garnacho ya buga wasanni fiye da 50 a wannan kakar. Ke nan ba hana shi wasa aka yi ba. Abin da ya rasa shi ne amincewar koci a ranar da ta fi kowace muhimmanci, kuma wannan amincewar ana samun ta ne da aikin da ɗan wasa ke yi lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa.

Ku dubi abokin wasansa Amad Diallo, haifaffen Abijan. Shi ma ya sha zaman benci, har aka ba da aronsa ga Rangers da Sunderland. Amorim ya sa shi a gefen dama, wurin da ake hawa da sauka, bai ƙi ba. A wancan wasan na 15 ga Disamba, City na gaba da ci ɗaya, Amad ya bi wata ƙwallo da Matheus Nunes ya mayar baya, ya tsare ta, aka kayar da shi, Bruno Fernandes ya ci fanareti. Bayan ƴan mintoci Amad ɗin ya ci ta biyu. A watan Janairu na 2025 ya ci Southampton uku rigis, ta ukun kuwa daga ƙafar ɗan baya ya ƙwace ta. Ashe matsa wa abokin hamayya ma hanya ce ta cin ƙwallo.

Ga yadda abin yake a fili. In ɗan gefe ya tsaya yana kallo, ɗan bayan da ke bayansa zai fuskanci mutum biyu shi kaɗai. Ɗan tsakiya zai bar wurinsa ya je taimako, tsakiyar fili ta zama wayam, ta nan ake shigowa. In aka ci, ƴan kallo su zagi gola ko ɗan baya, alhali ɓarakar daga gaba ta faro. Kamar gayyar noma ce: in mutum ɗaya ya bar kuyyarsa, na kusa da shi ne zai yi aikin biyu.

Manyan da suka fi Garnacho suna sun yi wannan aikin. A watan Afrilu na 2010, a filin Barcelona, an kori Thiago Motta na Inter Milan tun kafin hutun rabin lokaci. Samuel Eto'o, gwarzon Afirka, ya koma gefen hagu yana tsaro kamar ɗan baya. Inter ta tsallake, ta kuma ɗauki kofin zakarun Turai. Ran 31 ga Mayu na 2025, PSG ta lallasa Inter 5 da nema a wasan ƙarshe. Ousmane Dembélé bai ci ko ɗaya ba a ranar, amma yadda ya hana gola da ƴan baya sakat ya sa koci Luis Enrique ya ce shi ya cancanci kyautar Ballon d'Or, kuma a watan Satumba ya same ta.

Sai dai ba kowane yaro da ke benci ne malalaci ba. Ahmed Musa, wanda ya yi suna a Kano Pillars, ya koma Leicester a 2016 bayan ta ɗauki kofin Firimiya. Ya tarar da ƙungiya da ta ginu a kan Jamie Vardy da Shinji Okazaki, ɗan Japan ɗin nan da ba ya gajiya da bin ƴan baya. Musa ya ci ƙwallo 2 kacal a gasar a kakarsa ta farko, zaman benci ya yi yawa. A watan Janairu na 2018 aka mayar da shi aro CSKA Moscow, ya samu wasa a kai a kai, a watan Yuni kuma ya ci Iceland biyu a gasar cin kofin duniya. Wani lokaci tsarin koci ne bai dace da ɗan wasa ba, kuma matashi ba ya gyaruwa a zaune. In an ce ya koyi tsaro, to sai an ba shi mintocin da zai koya.

Yanzu mu dawo gida. Daga Maijirgi zuwa Korgom, daga Kanambakashe zuwa Sarkin Hausa, kusan kowace ƙungiya na da yaro guda da ake taruwa don a ga yankansa. Bidiyon da yaran ke kallo a TikTok da WhatsApp yanka da cin ƙwallo kawai suke nunawa, ba sa nuna gudun komawa baya. Gudu cikin rairayin filayenmu kuma akwai cin ƙarfi, ba wanda zai yi hawa da sauka na minti 90 bai huce ba. Don haka koci na iya barin mutum ɗaya a gaba ya jira dama, in dai an yi shawara kowa ya sani. Abin da ƙungiya ba ta iya ɗauka shi ne mutum uku su tsaya riƙe da ƙugu.

Ga masu horar da yaranmu: in za ku ajiye yaro, ku faɗa masa dalili tun ranar atisaye, ku nuna masa wanda zai bi in ƙwallo ta kuɓuce, in ya gyara kuma ku cika alkawari ku sa shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga ƴan uwa na ci-rani da ke aiko da riguna da ƙwallaye, Allah ya saka da alheri, amma a bar wa koci zaɓen ƴan wasa, kada kyauta ta zama sharaɗin sai an sa ƙanen wane. Ga ƴan kallo kuma, a wasa na gaba ku gwada wani abu: in gwaninku ya rasa ƙwallo, ku bar bin ta da ido, ku dube shi na daƙiƙa biyar. In ya juya ya bi, koci ba shi da hujjar ajiye shi. In ya tsaya yana ɗaga hannu yana faɗa da alƙalin wasa, to kun ga dalilin zamansa a benci.

Muna jiran ra'ayoyinku a shirin wasanni na gaba. Allah ya ba mu amfanin gona mai albarka, ya kuma dawo da matafiyanmu gida lafiya.