Giyar otomatik a tifa: Sauƙi ga direba, jarrabawa ga makanike a Kankiya da Kusada

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina a shekarun nan ya san tifa. Kashi na biyu na aikin tagwaita hanyar, wanda gwamnatin tarayya ta bai wa kamfanin CCECC na China, ya tashi ne daga Gidan Mutum Ɗaya ya ratsa Kankiya ya nufi Katsina. Ban da motocin kamfani, akwai tifofin ƴan kasuwa da ke jigilar yashi da tsakuwa da marmara zuwa wuraren gine-gine a Kankiya da Kusada da Ingawa.

Akasarin waɗannan motoci giyar hannu ce da su. Howo, wadda ake harhaɗawa a Legas ƙarƙashin haɗin gwiwar Dangote da Sinotruk, ta fi zuwa da giya goma da kuloci. To amma a Turai, inda tsofaffin DAF da MAN da Marsandi suke fitowa, an daɗe da juya wa giyar hannu baya a sabbin manyan motoci. Motar da Bature ya saya sabuwa shekara goma da suka wuce ita ce ke sauka a matsayin ta hannu yau. Ke nan giyar otomatik za ta riƙa isowa yankin ko da masu tifa ba su neme ta ba.

Yadda take aiki

Iri biyu ne. Na farko otomatik ce zalla, irin ta kamfanin Allison na Amurka, wadda ke amfani da ƙarfin mai wajen sadar da juyin inji ga tayoyi. Manyan motocin haƙar ma'adinai da na madatsun ruwa sun fi amfani da dangin wannan, saboda ƙarfi ba ya yankewa lokacin sauya giya.

Na biyu shi ne wanda ya fi yawa a motocin da ke hawa kwalta. A ciki giyar hannu ce, kulocinta ma yana nan, sai dai an cire abin takawa. Ƙwaƙwalwar mota ce ke auna nauyin lodi da gudu da tudun hanya, sannan ta sa iska ta kama kuloci ta tura giya. Scania ta fito da nata, Opticruise, a 1995, Volvo kuma ta kawo I-Shift a 2001. A 2016 Volvo ta ƙara giyoyin rarrafe waɗanda ke iya tayar da mota daga tsaye da nauyin da ya kai tan 325.

Abin da mai tifa zai samu

Tifa ba tirela ba ce. Tirela takan miƙe hanya ta yi sa'o'i a giya ɗaya, ita kuwa tifa wuni take tana tsayawa da tashi, ta gangara rafi fanko, ta hauro da yashi jiƙaƙƙe. A wannan hawan ne kuloci ke ƙonewa, musamman idan direba ya riƙe shi rabi da rabi yana ba da wuta. Kwamfuta ba ta da wannan ɗabi'a, kuma ba ta gajiya bayan sawu na takwas.

Sai batun mai. Litar man dizal ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2023, kuma shi ne ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin kowane sawu. Ƙwararren direba yana iya tsimin mai da giyar hannu, amma ba kowane mai mota ne ke samun ƙwararre ba. Giyar otomatik tana rage tazarar da ke tsakanin gwani da ɗan koyo.

Akwai kuma tsaro. Direban da ya kuskure giya a gangara da cikakken lodi yakan dogara da birki kaɗai har ya yi zafi ya ƙi ci. A garuruwan da kasuwa da makaranta suke bakin titi, wannan kuskure rayuka yake ci.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar tana farawa ne ranar da motar ta tsaya. Giyar hannu, makanike zai saurari ƙararta ya gane ciwonta, ya kwance, ya aika Ƙofar Ruwa a Kano a kawo abin da ya lalace. Ta otomatik kuwa wayar da ta tsinke, ko batir da ya yi sanyi, ko iskar da ke zurarewa, kowanne yana iya hana ta shiga giya alhali ƙarfenta lafiya lau. Gano hakan sai da na'urar bincike da ake jona wa motar, da wanda ya iya karanta abin da ta nuna.

Ƙurar rani da ruwan damina ba sa raga wa wayoyi. Lodin da ya wuce ƙima, wanda ya zama ruwan dare a harkar yashi, yana sa kulocin ya yi zafi, motar ta rage ƙarfi don kare kanta. Idan ta kafe a taɓo, sabbin samfura suna da tsarin jijjiga mota gaba da baya har ta fita, amma direban da ba a nuna masa ba zai yi ta danna totur ne a banza. Ko ja za a yi, sai an bi ƙa'idar kamfani, galibi a kwance sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, in ba haka ba giyar ta lalace.

Sannan tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan gyaran da ake shigowa da su sun yi tsada. Mai tifa ɗaya, wanda da ita yake ciyar da gida ya biya direba da yaron mota da masu lodi, ba zai jure mako biyu tana ajiye ana jiran mai gyara daga Kano ba. Babban kamfani yana da garejinsa da injiniyoyinsa, shi kuwa ba shi da kowa. Wannan ne ke sa wasu su cire giyar otomatik su mayar da ta hannu, aikin da ke cin kuɗi kuma yake barin ƙwaƙwalwar motar a rikice.

Me ya kamata a yi?

Mai shirin sayen tifa ya fara tambayar wa zai gyara ta kafin ya tambayi farashi. Idan ta hannu ce, a jona mata na'ura a duba kulocin da tarihin matsalolinta, a kuma gwada ta da lodi a kan tudu.

Ƙungiyoyin masu tifa da na makanikai suna iya haɗa kuɗi su sayi na'urar bincike guda, su tura yara biyu ko uku su koyo. Hukumar NADDC ta tarayya tana horar da makanikai kan gyaran motocin zamani, kuma ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada suna iya neman gurbi ga matasansu.

Aikin hanya zai ƙare, kamfani ya kwashe injiniyoyinsa. Tifofin yashi kuwa suna nan, kuma waɗanda za su maye gurbinsu za su riƙa zuwa babu abin taka kuloci. Garejin da ya fara koyon karanta su, shi zai riƙe cinikin hanyar.