Ɗan Azhar da ɗan likitanci: wa ya fi kwanciyar hankali?

Ranar Juma'ar da ta wuce na ci koshari a Abbasiyya tare da samari biyu 'yan Kano. Ɗaya yana karatun Shari'a a Azhar, yana kwana a Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje. Ɗayan yana likitanci a wata jami'ar kuɗi can birnin 6 ga Oktoba. Kafin a kawo shayi na gane kowannensu yana ganin ɗan'uwansa ne ya dace.

Ɗan Azhar ya ce duk hutun da ya je gida sai wani kawu ya tambaye shi: "To Malam, in ka gama me za ka ci da shi?" Tambayar tana ƙona masa rai, har ya fara jin kamar karatunsa na waɗanda suka rasa gurbi ne. Na tuna masa cewa Azhar ta haura shekara dubu, kuma mutanenmu sun daɗe a cikinta, har a da Barebari suna da nasu sashen da ake kira Ruwaƙin Barno. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, tarihi ba ya biyan sadaki." Ban iya musa masa ba.

Ɗan likitancin kuwa tun yanzu ana kiransa Dokta a gida. Amma kuɗin makarantarsa da dala ake biya, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 kowane zango sai mahaifinsa ya sayar da wani abu. Ya ce in ya faɗi jarrabawa ɗaya sai ya ji shi ba kowa ba ne. A gidan haya yake shi kaɗai, wani lokaci ya yi kwana uku bai yi Hausa da kowa ba.

A 2010 wasu masana a Amurka, Chaeyoon Lim da Robert Putnam, sun gano cewa masu zuwa wurin ibada sun fi jin daɗin rayuwa, kuma babban dalilin shi ne abokan da suke samu a can. Ba a kan ɗalibanmu aka yi binciken ba, amma abin da na gani a teburin nan ya yi kama da shi. Ɗan Azhar yana shakkar gobensa, sai dai yana da halƙar karatu, da abokan tuwon daren Alhamis, da wanda zai buga masa ƙofa in bai fito Asuba ba. Ɗayan ma yana sallarsa, kada a fahimce ni baibai. Jama'a ce ba shi da ita.

Iyaye, in kun kira, kafin tambayar sakamako ku tambayi yaron da wa ya ci abinci jiya.

Da za mu rabu, ɗan Azhar ya gayyaci Dokta tuwon Alhamis mai zuwa. Ya ce yana da jarrabawa ranar Asabar, amma zai duba.