Kwangilar Baje Kolin Kayan Tarihi

A 1980 aka kai kayan tarihin Nijeriya guda 100 birnin Ditiroyit na Amurka aka baje kolinsu, har da kawunan yumɓu na Nok da tagullar Ife da Binin.

Irin wannan nuni na 'yan watanni ne, amma kwangilarsa ba ta kowane magini ba ce. Ɗan kwangilar ne zai ƙera akwatunan gilashi, ya daidaita haske da danshi. Bangon aji in ya tsage sai a sake yaɓe. Kan Nok mai shekara 2,000 kuwa in ya faɗi, shi ke nan. Saboda haka kafin hukuma ta ruɗu da araha, ta tambaye shi inda ya taɓa yi, ta kuma rubuta wanda zai kwance kayan ranar rufewa.